Farfaɗiyar ta lafa, amma tsoro ya hana ƙanwata fita

Babban Wa, Garwa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, da kuma ta waɗanda suka taɓa ganin irin wannan lamari a gidajensu.

Ƙanwata shekarunta 22, kuma farfaɗiya ta same ta tun tana 'yar shekara 13, bayan ta tashi daga ciwon sanƙarau. A shekarun farko mun sha wahala ƙwarai, domin faɗuwar tana zuwa a kai a kai, har ta taɓa ƙonewa a hannu a bakin murhu. An fara ba ta Gardenal, daga baya likita ya mayar da ita kan Tegretol safe da dare, kuma cikin ikon Allah yau fiye da shekara guda ke nan ba ta faɗi ba. Mu a gida mun ɗauka an rabu da wahala, sai ga wani abu ya taso wanda ya fi faɗuwar ɗaure mana kai.

Yarinyar nan ta daina fita. Ta bar wajen koyon ɗinki, ba ta zuwa biki ko suna, kasuwa kuwa ko ambatonta ba ta so a yi. Idan aka matsa mata ta shirya, kafin ta kai zaure sai gabanta ya shiga faɗuwa, zuciya tana bugawa da ƙarfi, gumi ya karyo mata, hannuwa suna rawa, numfashi yana sarƙewa, ta ce ga ciwon nan zai kama ta. Sai mu yi maza mu shimfiɗa tabarma mu zaunar da ita muna jira, amma faɗuwar ba ta zuwa. Bayan kamar rubu'in awa abin ya sake ta, ta koma ɗaki tana kuka. Da dare barci ba ya ɗaukarta, tana ta lissafin yadda za ta yi idan ta faɗi a gaban mutane, ko idan maganin ya yanke a farmasi, ko idan ba ta sami mijin aure ba.

Inna tana ganin iska ce ta canja salo, tana so a koma wajen masu ruƙiyya. Kawunmu yana cewa zaman gida ne ya yi mata yawa, aure kawai za a yi mata. Wani mai shagon magani ya ba mu Valium, ƙwayar kwantar da hankali da sa barci, tana shan ƙwaya ɗaya kowane dare kusan wata biyu ke nan. Barcin ya ɗan samu, tsoron kuwa yana nan. Idan muka je asibiti likita yakan tambaya ko ta faɗi, mu ce a'a, ya rubuta a karne, wato littafinta na asibiti, cewa a ci gaba da magani, mu fito.

Shin farfaɗiyar ce ta dawo da wata fuska, har mu nemi a ƙara mata yawan Tegretol? Ko maganin ne ya jawo mata wannan? Ko kuwa wani ciwo ne dabam, kuma idan haka ne wa ya kamata mu gani?

Ma'aikacin Jinya, Marwa

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, Malam, ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa. Ni ma'aikacin jinya ne, kuma hukunci a kan mara lafiya na wanda ya duba shi ne ido da ido. Sai dai abin da ka kwatanta sananne ne a wajen duk wanda ya daɗe yana karɓar masu farfaɗiya, kuma ya fi kama da ciwon fargaba, wanda ciwo ne mai zaman kansa da yake yawan tafiya tare da farfaɗiya.

A shekarar 2017 mujallar Epilepsia ta buga wani nazari da ya tattara sakamakon bincike masu yawa, aka samu kashi 20.2 cikin ɗari na masu farfaɗiya suna da ciwon fargaba, kashi 22.9 kuma suna da ciwon baƙin ciki mai nauyi. Wato kusan mutum ɗaya cikin biyar. Idan ka haɗa wannan da ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya cewa masu farfaɗiya sun kai kusan miliyan 50, kuma kusan kashi 80 cikin ɗari nasu suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici irin namu, za ka ga ƙanwarka tana cikin jama'a masu yawan gaske. Abin da ya sa ba a jin labarinsu shi ne daidai abin da ka faɗa: tambaya ɗaya ake yi musu a asibiti, ita ce ko sun faɗi.

Tambayarka ta farko ita ce mafi muhimmanci, domin akwai tsoron da shi kansa farfaɗiya ne. A cikin sashen ƙwaƙwalwa da ke saitin kunne akwai wani ɗan ƙaramin ƙulli da ake kira amigdala, wanda aikinsa shi ne tayar da jiki idan haɗari ya taso. Idan tartsatsin farfaɗiya ya tashi daga wannan wuri, abin da mutum zai fara ji shi ne tsoro mai tsanani ba gaira ba dalili. Irin wannan tsoro gajere ne, daƙiƙoƙi kaɗan, da wuya ya kai minti biyu, kuma kullum salonsa ɗaya ne. Sau da yawa yana zuwa da wani abu mai tasowa daga ciki zuwa maƙogwaro, ko wani wari da babu mai jinsa sai shi, ko jin kamar abin da ke faruwa ya taɓa faruwa a da. Bayansa mutum yana iya ƙura ido, ya yi ta tauna baki ko laluben tufafinsa, a yi masa magana bai amsa ba, ya dawo a ruɗe, ya kasa tuna wani ɓangare na abin da ya wakana. Ba ya zaɓar lokaci. Yana iya zuwa a ɗaki, yana iya zuwa cikin barci.

Firgicin ciwon fargaba kuwa yakan hau a hankali ya kai ƙololuwa cikin kamar minti goma, ya ɗauki minti biyar zuwa ashirin, wani lokaci fiye. Mai shi yana cikin hayyacinsa, yana magana, yana tuna komai daga baya, kuma yawanci akwai wuri ko tunanin da ke tayar da shi. Na ƙanwarka yana kai rubu'in awa, yana jiranta a bakin zaure, kuma faɗuwa ba ta biyo baya. Wannan ne ya sa na karkata ga fargaba. Akwai kuma tsoron da kan zo sa'o'i ko kwanaki kafin faɗuwa, da wanda kan biyo bayanta na 'yan kwanaki, amma tunda ta shekara ba ta faɗi ba, waɗannan ba su shafe ta ba.

Duk da haka kada ku dogara da karkatata. Ku sami ƙaramin littafi a riƙa rubuta rana da lokaci, abin da take yi kafin ya zo, tsawonsa da agogo, da ko ta amsa magana a cikinsa. Idan ta yarda, wani ya ɗauki bidiyo da waya, domin minti biyu na bidiyo sun fi wa likita amfani a kan dogon bayani. Idan ya yi shakka zai tura ku gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa, sai dai ku sani gwajin yana iya fitowa lafiya lau ko ga mai farfaɗiya ta gaskiya, don haka ba shi kaɗai ake bi ba. Ya dace kuma a auna jininta, domin ƙarancin jini yana sa bugun zuciya da haki, haka ma yawan aikin halittar nan ta gaban wuya wadda idan ta kumbura ake kira maƙoƙo.

Game da maganin, Tegretol ba ya cikin waɗanda suka shahara da tayar da fargaba. A cikin magungunan farfaɗiya, Keppra ne aka fi sani da sa saurin fushi da rashin natsuwa, Gardenal kuma da sa kasala da baƙin ciki. Kada ku ƙara ko ƙwaya ɗaya da kanku. Idan fargaba ce, ƙarin ba zai taɓa ta ba, sai dai ya kawo jiri da gani biyu-biyu.

Ciwon fargaba yana da magani iri biyu, kuma ana iya haɗa su. Na farko jinya ce ta hanyar zantawa, inda ƙwararre yake koya wa mara lafiya gane tunanin da ke hura masa tsoro, sannan ya riƙa tunkarar abin da yake gudu mataki-mataki. Na biyu ƙwayoyi ne irin su sertraline, escitalopram da fluoxetine. Da can likitoci suna ɗari-ɗari da ba masu farfaɗiya su, amma bincike ya nuna a ma'aunin da aka saba bayarwa ba sa ƙara faɗuwa. Waɗanda ake guje wa su ne irin bupropion da clomipramine. Ƙwayoyin nan ba sa aiki nan take; sai bayan mako biyu zuwa shida ake ganin sauyi, a makon farko ma fargabar tana iya ɗan ƙaruwa, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Dole wanda zai rubuta ya san tana shan Tegretol, domin Tegretol yana sa hanta ta yi saurin narkar da sertraline, fluoxetine kuma yana iya ɗaga yawan Tegretol a jini.

Ba sai an kai ta asibitin Jamot a Yawunde, wanda aka sani da kula da masu ciwon ƙwaƙwalwa, ba. Ku fara da likitan da ke rubuta mata Tegretol, ku gaya masa a fili, sannan ku tambaya a asibitin yanki ko akwai ma'aikacin jinya da ya ƙware a lafiyar ƙwaƙwalwa. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya take da shirin mhGAP na koya wa ma'aikatan da ba ƙwararru ba kula da irin waɗannan cututtuka, farfaɗiya tana cikinsa, a 2023 kuma aka ƙara masa babi a kan fargaba. Akwai ma wata takarda mai tambayoyi bakwai da ake kira GAD-7, tana da fassarar Faransanci, ana cika ta cikin 'yan mintuna, tana auna yadda mutum ya kasance a mako biyun da suka wuce.

Uwar Biyu, Injamena

Ƙanena, sannu da ɗawainiya. Na karanta bayanin Malam na Marwa, kuma na ƙaru da shi, amma ina so in ƙara abin da ba a gani a gwajin jini. Ni farfaɗiya tana tare da ni tun ina budurwa, yanzu na haura arba'in, ina shan maganina, ina da miji da 'ya'ya biyu, ina kuma sana'ata.

Tsoron ƙanwarka yana da tushe, kuma idan kuna ce mata babu komai, za ta daina gaya muku abin da ke ranta. Ni na taɓa faɗuwa a tsakiyar kasuwa. Da na farfaɗo, mutane sun yi da'ira can nesa, wasu sun toshe hanci da gyale, domin an gaya musu wanda kumfar bakin mai farfaɗiya ta taɓa shi ma zai kamu. Wannan ƙarya ce, farfaɗiya ba a ɗaukarta ta yawu ko numfashi ko cin abinci a kwano ɗaya, amma ƙaryar ta hana kowa ya gyara mini zane. Abin da ya tsaya mini a rai shekara da shekaru shi ne zanen nan da fitsarin da ya kuɓuce mini. Ciwon kan da tsamin jikin kwana biyu suka yi suka wuce. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. To ku tambaye ta a hankali, ba a gaban jama'a ba, mene ne ainihin abin da take tsoro. Mai yiwuwa ne ku tarar kunya ce ta fi mutuwa tsorata ta, kuma kunya tana da dabaru.

Dabarata ta farko ita ce wando a ƙarƙashin zane duk inda za ni. Abu ne ƙarami, amma ya ɗauke mini rabin zulumi. Ta biyu ita ce na daina ɓoyewa ga kowa da kowa. Na zaɓi mata biyu a wajen sana'a na gaya musu, na koya musu abin da za su yi: su kawar da wuta da abu mai kaifi, su sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kaina, su juya ni a gefe, kada su cusa mini cokali ko yatsa a baki, kada su danne ni, kada su ɗura mini ruwa, su rufe ni da mayafi, idan kuma jijjigar ta wuce minti biyar su kai ni asibiti. Daga ranar da na san akwai mai rufe ni, ƙafata ta yi sauƙin fita.

Yanzu ga maganar da ba za ta yi muku daɗi ba. Wannan tabarmar da kuke shimfiɗawa, ku daina. Duk lokacin da gabanta ya faɗi kuka ruga kuka shimfiɗa tabarma kuka kewaye ta kuna jira, kun tabbatar mata cewa ku ma kun ga faɗuwa tana tafe, kuma duk lokacin da ta koma ɗaki ta sami sauƙi, ranta ya ƙara yarda cewa ɗakin ne ya cece ta. Ni ma haka mahaifiyata, Allah ya ji ƙanta, ta yi mini saboda so: ba girki, ba aike, ba makaranta, har na zama ba na iya zuwa bayi sai an tsaya mini a ƙofa. Abubuwan da suke haɗari na gaske sanannu ne, su ne buɗaɗɗiyar wuta, rijiya, wanka ko wanki a kogi ita kaɗai, hawa wuri mai tsawo, da tuƙa moto, wato babur. Ku da kuke da Binuwai a kusa kun fi ni sanin wannan. Ɗinki, biki, makaranta da ziyarar dangi ba sa cikinsu.

Idan abin ya taso mata, mutum ɗaya ya tsaya kusa da ita cikin natsuwa, ya ce ta riƙa sakin numfashi a hankali, fitarsa ta fi shigarsa tsawo, su jira a nan inda suke har ya wuce. Yau zaure, bayan kwana biyu ƙofar gida, sannan gidan maƙwabta, sannan wajen ɗinkin na rabin awa. Ni wata da watanni na yi a haka, kuma akwai ranakun da na koma baya.

Malamin Islamiyya, Ngaundere

Allah ya ba da lafiya, ɗana. Maganar Hajiya ta Injamena ta tuna mini da hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ibn Abbas, na matar da ta zo wajen Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce tana farfaɗiya kuma jikinta yana buɗewa, ta nemi addu'a. Ya ba ta zaɓi: ta yi haƙuri ta sami Aljanna, ko ya roƙa mata waraka. Ta zaɓi haƙuri, amma ta roƙi ya yi mata addu'a kada jikinta ya riƙa buɗewa, ya kuwa yi mata. Ka lura, matar da ta iya jure ciwon ba ta iya jure buɗewar ba, kuma ba a ce mata imaninta ya yi rauni ba. Saboda haka kada kowa a gidanku ya ce wa yarinyar nan tsoronta ƙarancin tawakkali ne. Hadisin kuma bai hana neman magani ba, domin ya tabbata cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta.

Game da Innarku, ku lallaɓa ta, kada ku yi mata gardama. Karatun Alƙur'ani da addu'a alheri ne ga kowane mara lafiya, kuma yarinyar tana iya yi wa kanta, Inna ma tana iya yi mata a ɗaki. Abin da nake ja muku kunne a kai shi ne mai ruƙiyyar da zai ce a ajiye maganin asibiti, ko ya doke ta da sunan dukan aljani, ko ya turara mata hayaƙi a rufaffen ɗaki, ko ya hana ta barci dare guda. Ku yi tunanin yarinyar da tsoro ya riga ya cika, sannan a zaunar da ita a gaban jama'a a ce akwai wani a jikinta. Na ga waɗanda aka kai da tsoron fita suka dawo da tsoron kwana su kaɗai.

Aure kuwa ba a yin sa a matsayin magani, kuma ba a ɗaura wa budurwa sai da yardarta. Idan lokacinsa ya zo, a gaya wa manemin gaskiya tun da wuri, domin zama da sirrin da ake tsoron tonuwarsa wata sabuwar fargaba ce. Idan azumi ya gabato ku tambayi likita yadda za a tsara shan maganin tsakanin sahur da buɗa-baki. Idan ya ce azumin zai cutar da ita, Alƙur'ani ya yi wa mara lafiya rangwame.

Tsohon Ɗan Moto, Kusiri

Yaya, tawa gajeriya ce. Kada wani ya ba ta Tramol da sunan zai ƙarfafa mata zuciya ko ya cire mata kunyar mutane, domin na san a nan arewa abu ne da ake miƙa wa mutum kamar goro. Ni faɗuwata ta farko a kan Tramol ta same ni, lokacin ina aikin moto ina sha don in jure rana da gajiya, kuma likita ya tabbatar mini cewa ƙwayar tana jawo jijjiga ko ga wanda bai taɓa farfaɗiya ba, balle mai ita. Da na zo barinsa kuma na ga fargabar da ban taɓa sani ba, sai da taimakon asibiti na fita.

Ku duba kuma yawan shayin da take sha. Shayinmu mai ƙarfi da ake dafawa har ya yi baƙi, da Nescafé, da goro, duk suna sa zuciya bugawa, suna kuma korar barci, ga shi rashin barci yana cikin manyan abubuwan da ke tayar da farfaɗiya. Ni tun da na daina sha bayan la'asar na ga bambanci.

Babban Wa, Garwa

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya, maganar tabarma ta shige ni, kuma na karanta wa Inna bayanin Malam na Ngaundere, ta yi shiru, wanda a wajenta alama ce mai kyau.

Malam na Marwa, na zauna da yarinyar na tambaye ta. Ta ce a da, kafin ta faɗi, takan ji wani wari kamar na ƙonewar roba da wani abu yana taso mata daga ciki, amma a wannan na yanzu ba ta jin ko ɗaya. Tana jin duk abin da muke faɗa, tana kuma tuna komai. Sai dai ta ce da zarar zuciyarta ta buga, sai ta ɗauka warin ne zai biyo baya. Tunda Valium bai cire tsoron ba, na yi niyyar karɓe sauran ƙwayoyin yau da dare in zubar. Akwai kuma wani da ya nuna yana sonta, ita ce take gudunsa, tana cewa 'ya'yanta za su gada.

Ma'aikacin Jinya, Marwa

Malam, don Allah kada ka zubar da Valium ɗin yau. Ba daidai ba ne da aka ba ta shi ba tare da takardar likita ba, kuma ba maganin fargaba ne na dogon lokaci ba, amma bayan wata biyu ana sha kowane dare jiki ya riga ya saba. Yanke shi farat ɗaya yana iya dawo da fargabar fiye da da, ya hana barci, kuma mafi muni yana iya tayar da farfaɗiyar da aka shekara ana danne ta. Ta ci gaba da shan yadda take sha, kada a ƙara, ku je wajen likita cikin makon nan da kwalin a hannu, shi zai tsara yadda za a riƙa rage shi kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Abin da ta gaya maka ya ƙara ƙarfafa zaton fargaba, kuma yana da amfani a wajen jinya, domin ita da kanta ta san alamar ciwonta ta gaskiya, wato warin da abin da ke tasowa daga ciki. Za a koya mata ta riƙa bambanta su da bugun zuciya, wanda hawa mataki ko zafin watan Afrilu na Garwa ma suna kawo shi. Na yarda da Hajiya a kan numfashi, sai in ƙara cewa a hankali ake yin sa. Numfashi mai zurfi da sauri-sauri yana ƙara jiri, kuma a wasu nau'o'in farfaɗiya yana iya tayar da ciwon. Ranar da ta ji warin nan ya dawo, wannan labari ne dabam, a sanar da likita ba tare da jinkiri ba.

Maganar gado kuwa, farfaɗiyar da ta biyo bayan sanƙarau tabo ne da ciwon ya bari a ƙwaƙwalwa, kuma tabo ba a gadonsa. Ko a sauran nau'o'in ma, mafi yawan 'ya'yan masu farfaɗiya ba sa yin ta. Abin da ya kamata ta sani kafin aure shi ne a tsara ɗaukar ciki tare da likita, a fara ba ta ƙwayar folik asid tun kafin cikin, kada ta daina maganinta don ta ga ta yi ɓatan wata, kuma kada a mayar da ita kan Depakine, wani maganin farfaɗiya, ba tare da an yi wannan magana ba, domin shi ne ya fi haɗari ga ɗan tayi. Tegretol kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa, wannan ma a faɗa wa ungozoma.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da nake so wanda ta fi sakin jiki da shi ya yi mata a keɓe: ko ta taɓa jin gara ta mutu, ko ta yi tunanin cutar da kanta. Yin tambayar ba ya sa wa mutum tunanin, kuma haɗarin ya fi yawa ga masu farfaɗiya da suka haɗa da fargaba ko baƙin ciki. Idan ta ce e, ku kai ta asibiti a ranar, magungunan gidan duka su koma hannun babba yana ba ta na kowace rana. Idan kun shiga wajen likita kuma ya tambaya ko ta faɗi, ku ce ba ta faɗi ba amma ta daina fita kuma ba ta barci, ku ajiye littafin da kwalin Valium a gabansa, sannan ka fita ka ba su wuri ta yi magana da bakinta.